Malamin da Ya Naɗe Kansa a Bidiyo

Mijin yayata mutum ne da ba a taɓa kawo masa labari sabo ba. Ko gobara ka ce masa ta tashi a bayan gidansa, kafin ka rufe baki zai ce ai ya sani, tun jiya yake jin ƙauri. Shi ya sa duk layinmu babu mai kiransa da sunan yanka, sai Malam Na-Sani, kuma yana amsawa da fara'a don a zatonsa yabo ne.

Wata jami'a da ke koyarwa ta intanet ce ta ɗauke shi aikin gwaji na zango ɗaya, ya koyar da Dabarun Sadarwa. Sharaɗin a fili yake: ƙarshen zango ɗalibai za su faɗi yadda suka same shi, in sun yaba a sabunta masa kwantiragi, in sun kushe ya kama gabansa. Yaya ta ɗora rai a kan aikin nan ba kaɗan ba, domin mutumin ya daɗe a gida yana gyara wa masu karanta labarai a rediyo kuskure.

Ɗalibansa ba yara ba ne. Akwai ma'aikaciyar jinya da ke shiga aji daga ɗakin hutun asibiti, akwai ɗan sanda mai ritaya, akwai direbobi da masu shaguna da matan aure masu goyo. Ranar farko suka gaya masa abin da suke so, kuma bai taka kara ya karya ba: in sun yi tambaya a amsa, in sun aiko da aiki a duba a nuna musu inda suka kauce, in sun turo saƙo kada ya yi mako yana jira. Ya ce musu ai ya sani. Da aka tashi ya fito tsakar gida yana mita, wai mutane sun zo neman ilimi sun ɓuge da neman mai reno.

Washegari ya kira ni da Yaya falo ya baje mana shirinsa. Zai naɗi darussan zangon gaba ɗaya a bidiyo, duk ranar aji Yaya ta danna, ɗalibai su ga kamar kai tsaye yake magana. Shi kuma ya samu sararin rubuta littafin da duniya ke jira, a kan yadda ake koyarwa ta intanet. Na tambaye shi, to in wani ya yi tambaya fa? Ya dube ni kamar na zubar masa da shayi a riga, ya ce tambayar ɗalibi tun da aka halicci makaranta ba ta wuce kala uku ba, kuma ya tanadar wa kowace amsarta.

Aka shiga naɗa. Ya bi gidajen maƙwabta ya aro littattafai ya jera a bayansa, har da na koyon tuƙi da wani na kiwon kaji da ya juya bayansa don kada a karanta. Sama kwat da hula da tabarau, ƙasa gajeren wando da silifas. Ya hana Yaya daka, ya hana ni taka keken ɗinki, ya aika wa mai walda na ƙarshen layi cewa ya dakata ana aikin ilimi. Mai walda ya aiko da amsar da ba zan iya maimaitawa ba. Ruwan sama kuwa bai nemi izini ba, ya yi ta dukan kwano har ƙararsa ta shiga bidiyon.

Da ya gama darussan sai ya zo kan abin da ya kira gwanintar gwanintoci, wato sashen tambayoyi. Ya kalli kyamara ya ce, "Akwai mai tambaya?" Ya yi shiru yana gyaɗa kai kamar mai saurare, sannan ya washe baki ya ce, "Madalla, haka nake son ji." Ya sake shiru, ya dafa haɓa, ya ce, "Ƙwarai kuwa, na amince." A shiru na uku ya ɗaure fuska ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ai da an yi karatu da ba a tambaya ba." Daga nan sai sallama. Sau ɗaya tak ya naɗi wannan sashe, ya manna shi a wutsiyar kowane darasi, wai mai hankali ba ya aiki biyu. Ana tsakiyar shiru na biyun wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya yi ɗan yawo ya tashi. Na nuna masa, ya ce ya sani, ai shi ne ma zai sa abin ya yi kama da gaske.

Makon farko abin ya tafi sumul, don ɗalibai na jin nauyin sabon malami, tambayoyin kuma irin na ladabi ne. Malam ya fita bakin titi, wajen bencin mai gyaran babur inda mazan layi ke zama, ya sanar cewa a daidai wannan lokaci da suke ganinsa yana can yana koyarwa a jami'a. Mai gyaran babur ya ce to Allah ya sa albashin ma ba a bidiyo za a biya ba. Littafin da za a rubuta kuwa, an dai sayo biro.

A mako na biyu aka fara jin wari. Ni da Yaya muna zaune gefen kwamfuta, ita ta danna, ni ina ɗaurin botin. Da aka zo tambayoyi sai ma'aikaciyar jinyar nan ta buɗe makirufo ta ce a yi mata uzuri ba ta gama aikin da aka bayar ba, mahaifiyarta ce ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu. Mijin Yaya ya gyaɗa kai cikin natsuwa, ya washe baki har kunne, ya ce madalla, haka yake son ji.

Yaya ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa allura ta shige min yatsa ban ji ba. Baiwar Allah ta ce, "Malam, karyewa fa na ce ta yi." Ya dafa haɓa, ƙuda ya sauka, ya ce ƙwarai kuwa, ya amince.

Da ya dawo Yaya ta tare shi tun daga ƙofa tana ba shi labari, ta roƙe shi ya kira matar nan ya ba ta haƙuri. Ya ce ya sani, kuma ɗalibin jami'a dole ya saba da tauri, ba gidan kakarsa ya zo ba. Saƙonnin da suka taru a akwatinsa ko buɗewa bai yi ba. Ayyukan da suka aiko kuwa, ya rubuta jimla ɗaya ya watsa wa kowa: da kyau, a ƙara zurfafa bincike. Har wani direba da ya yi kuskure ya turo hoton tayar motarsa da ta fashe a madadin aikinsa, shi ma an ce masa da kyau, ya ƙara zurfafa bincike.

Ɗan sanda mai ritaya ne ya fara haɗa lissafi. Daga baya muka ji cewa ya buɗe wa 'yan ajin zaure a waya ya ce musu shekarunsa na aiki bai taɓa ganin ƙudan da ke zuwa aiki a kan lokaci irin wannan ba, ko sajan ɗinsa bai kai shi ba. Ya ce kuma su lura, ruwan sama ake tafkawa a bayan Malam duk mako, alhali garin ko gajimare babu. Da farko ransu ya ɓaci, har wasu suka ce a kai ƙara. Ɗan sanda ya ce a'a, mai laifi ba a kama shi da gaggawa, a bari a ɗan ji daɗinsa tukuna.

Daga ranar aji ya koma gidan kallo. Suka haddace jerin amsoshin, suka riƙa raba wa juna layi. Wata mai goyo ta ce jaririnta ya yi gyatsa, Malam ya ce madalla, haka yake son ji. Direban nan ya nemi a soke jarrabawa a ba kowa maki mafi girma, Malam ya dafa haɓa ya amince. Wani ya tambayi sunan Malam, aka ce masa da ya yi karatu da bai tambaya ba. Wani mako ɗan sanda da kansa ya gyara murya ya tambaya ko gaskiya ne babu wando a ƙasan kwat ɗin nan, ƙuda ya sauka, Malam ya ce ƙwarai kuwa. Ranar sai da na fita tsakar gida na riƙe bango, don cikina ya ƙulle. Yaya tana dariya tana share hawaye, kuma rabin hawayen ba na dariya ba ne, ita aikin take gani yana zamewa.

Labari ya bazu. 'Yan aji suka riƙa ba 'yan'uwa da abokai hanyar shiga, mutanen da ba su da haɗi da jami'a suka riƙa hallara tun kafin lokaci don kada su rasa tambayoyi. Malam bai taɓa zama ya kalli ajin ba, adadin masu shiga kawai yake dubawa, ya ga abin ya ninka ya sake ninkawa. Kansa ya kumbura har hular ta fara yi masa kaɗan. Sau nawa Yaya na buɗe baki za ta gaya masa abin da ke jawo jama'ar, yana jin ta ce "ɗaliban nan fa" sai ya ɗaga hannu ya ce ya sani, suna sonsa, ba sai an faɗa ba. Ni ma na gwada sau ɗaya, ya ce tela ta tsaya a kan ɗinkinta.

Da bakinsa ya jawo wa kansa sauran. Ya buga wa shugabar sashe waya, wata farfesa mai magana a hankali wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ya gayyace ta ta shigo ajinsa ta ga yadda ake koyarwa, in da hali ta zo da sauran malamai su ƙaru. Ta ce da ma tana da niyya, don akwai ƙorafe-ƙorafe a kan teburinta. Ya ce ya sani, hassada ce.

Yaya ta durƙusa ta roƙe shi, ko ranar kaɗai ya zauna da kansa. Ya ce bidiyon ba ya tuntuɓen harshe, ba ya tari, don me zai canza abin da ke ci? Shi zai leƙo ne a ƙarshe, bayan sallama, ya karɓi yabo. Don haka ma bari ya je a yi masa aski, kada ya cire hula a gaban manya a ga kai kamar tsintsiya. Shagon da ya saba zuwa a rufe, sai ya zarce wata unguwa ya faɗa shagon wani mai aski da bai sani ba, babu kwat, babu tabarau, hula a aljihu.

Abin da ya faru a shagon daga bakin mai askin na ji shi, don har yau yana ba da labarin ga duk wanda ya zauna a kujerarsa. Ashe ɗan ajin ne, cikin masu rufe kyamara. Ya jingina waya a jikin madubi yana sauraron darasi yana aiki. Malam ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle, inji ya fara tafiya, sai ya ji muryarsa na tashi daga madubi. Da wani ne, da ya lallaɓa ya gudu tun kai bai taɓu sosai ba. Shi kuwa sai ya gyara zama, ya tambayi mai aski wane ne wannan malami mai zaƙin baki haka.

Mai aski ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan ba mutum ba ne, faifai ne, mai shi yana can yana barci. Ya ce yallaɓai ya jira ya ga ƙuda, yanzu zai zo. Ya ƙara da cewa yau ranar ce babba, shugabar sashe na ciki, kuma 'yan aji sun bar mata layin farko.

Gumi ya karyo wa Malam. Ya yunƙura zai tashi, mai aski ya danna kafaɗarsa ya ce ina zuwa da rabin kai. Malam ya ce yana da uzuri. Mai aski ya ce ai motsi da inji a ka hatsari ne. Malam ya ce, "Na sani." Mai aski ya tsaya cak. Ya kalli madubi, ya kalli waya, ya sake kallon madubi.

A can gida mu ba mu san wainar da ake toyawa ba, muna dai zaune zuciya a hannu. Na cikin bidiyo ya ce akwai mai tambaya. Shugabar sashe ta yi sallama a natse, ta ce ɗalibai sun kawo kuka cewa tun farkon zango babu wanda aka amsa wa saƙo, babu wanda aka duba wa aiki, har wata ta ce an yi murna da karayar mahaifiyarta. Mijin Yaya ya washe baki ya ce madalla, haka yake son ji.

Farfesa ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ɗan sanda ya karɓa, da muryar da yake karanta tuhuma a da, ya tambaya ko Malam ya amince cewa ba ya nan, kuma bai taɓa kasancewa a nan ba. Ƙuda ya sauka. Malam ya amince. Farfesa ta ce, to Malam, in kana jina, ɗaga hannunka ɗaya. Ya ɗaure fuska ya girgiza mata kai, ya ce wannan ai da an yi karatu da ba a tambaya ba.

Ana cikin haka wani ɗan akwati da kullum yake baƙi a gefen allo ya yi haske. Sai ga mijin Yaya a kujerar aski, ƙyalle a wuya, gefen kai ɗaya fes kamar an share, ɗaya gefen gashi tsaye. Mai aski ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Ranki ya daɗe, a gafarce ni, ga wani a hannuna, ban san ko namu ba ne."

Malam biyu a allo ɗaya, ɗaya na sallama cikin kwat, ɗaya na zare ido. Ajin ya kaure, kowa ya buɗe makirufo, wasu yara a gidan wani suna ihu suna cewa ga na gasken. Farfesa ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta tambayi na kujera ko shi wane ne. Ya ce shi tagwayen Malam ne, ana yawan rikita su, shi sana'arsa ma sayar da taya. Ɗan sanda ya ce to a kira Malam ɗin ya tabbatar. Na cikin kwat dai ya gama sallama ya daskare da murmushi, baki a ɗan buɗe. Nan ido ya raina fata, tagwaye ya manta shi tagwaye ne, ya matso da fuska jikin waya ya daka tsawa, "Maman yara, kashe shi mana! Me kike jira?"

Yaya ta kai hannu da sauri, ta danna wani wuri daban. Bidiyo ya koma farko. Ruwan sama ya ɓarke, Malam ya gyara kwat ya yi wa jama'a barka da warhaka, ya ce darasinmu na yau shi ne muhimmancin sauraro.

Ya dawo gida da hula har kunne, don mai aski dariya ta hana shi ƙarasawa. Kafin ya iso layi, hoton ya riga shi. Mai gyaran babur ya miƙe ya gaishe shi, ya tambaye shi ya tagwaye, ya kasuwar taya. Mai walda ya aiko a tambaya ko yanzu an yarda ya kunna inji.

Farfesa mace ce mai adalci. Ta ce ba za ta yanke hukunci ba, sharaɗi na nan yadda yake, ɗalibai ne za su faɗa. Ta ba shi aji ɗaya ya zo da kansa, da jininsa da namansa, ya gyara abin da zai gyaru. Yaya ta kwana biyu tana yi masa nasiha: ya ba da haƙuri, ya tambayi jikin tsohuwar nan, ya yi shiru ya ji abin da ke damunsu. Ya ce ya sani.

Ranar ya zauna har da dogon wando. Abu na farko da ya yi shi ne rufe makirufon kowa, wai don a samu tsari. Sannan ya fara. Ya bayyana cewa duk abin da ya faru gwaji ne na ilimi da ya shirya da gangan, kuma sun faɗa tarkon yadda ya yi hasashe. Ya ba da tarihin karatunsa tun daga firamare. Ya yi bayanin littafin da ke tafe. Hannaye suka yi ta tashi a gefen allo, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga nata tun farko har ta gaji ta sauke ta koma bakin aiki. Lokaci ya ƙare yana tsakiyar labarin wata muhawara da ya ci a sakandare. Ya rufe kwamfuta ya ce mana ya gama da su.

Bayan 'yan kwanaki farfesa ta kira. Yana zaune a bencin bakin titi, sai ya buɗe lasifikar waya don mazan layi su ji da kunnensu yadda ake roƙon gwani. Ni ina bakin ƙofa da Yaya, kuma wallahi ita na tausaya wa, don ta riga ta san abin da za a ce.

Farfesa ta ce ɗalibai sun faɗi ra'ayinsu, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ba za a sabunta kwantiragi ba, za a kawo wani malami a zango mai zuwa. Sai dai sun roƙi alfarma, kafin jarrabawa a ci gaba da sa musu bidiyon. Malam ya ɗago kai, ya kalli mazan benci, ya ce ai ya faɗa, aikin ƙwarai ba ya ɓuya. Ta ce ba haka ba ne, Malam.

"Cewa suka yi shi na bidiyon, ko banza, yakan yi shiru sau uku su yi magana."

Malam ya ce da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "To ni fa, ranki ya daɗe?"

Ta ce rajistar zango mai zuwa na buɗe, kuma akwai sauran gurbi a ajin Dabarun Sadarwa.